Darasi: Ƙera Na'ura a Gida, Daga Motar Kara Zuwa Akwatin Ƙyanƙyasar Ƙwai

MANUFOFIN DARASI

Idan an kammala wannan darasi, ana so mai karatu ya iya:

1. Bayyana abin da ake nufi da na'ura, da kuma na'ura mai aiki da kanta.
2. Lissafa wutar da wata na'ura za ta ci, da batirin da zai ishe ta.
3. Lissafa gudun fuli da na farantin sarƙa.
4. Tsara akwatin ƙyanƙyasar ƙwai mai aiki da wutar sola.
5. Kare kansa da iyalinsa daga haɗarin wuta, batir da dalma.

1. SANA'AR DA MUKA TARAR A GIDA

Duk wanda ya tashi a Karare, ko Ruma, ko Wagini, ko Runka ta ƙasar Safana, ya san abin da yara ke yi da zarar an gama girbi. Suna fere karan dawa su yi mota, su yanka tsohon silifas su yi mata tayu. Waɗanda suka ɗan tasa su koma motar langa-langa da gwangwanin madara, har da ƙofar da ke buɗewa. Iyaye da yawa suna kiran wannan shiririta. Ban yarda da su ba. Yaron da ya gano da kansa cewa mota ba ta tafiya daidai sai ramin taya ya zauna a tsakiya cif, ya riga ya koyi abin da ake koya wa manya a makarantar fasaha. Abin da ya rage masa shi ne awo da lissafi, kuma su ne wannan darasi ya zo da su.

Manya ma ba a bar su a baya ba. Jigon da kakanninmu suka yi ban-ruwa da shi a fadama na'ura ce: doguwar sanda, da nauyi a gefe guda, da guga a ɗaya gefen. Maƙera da yawa sun ajiye zuga-zugin fata, sun ɗaura wilin keke da bel yana juya ƙaramar fanka tana hura gawayi. Ba kamfani ne ya tsara musu ba. Bukata ce ta sa suka zauna suka yi tunani.

Wannan fanni yana da tsohon tarihi a wurin Musulmi. A shekarar 1206, wani injiniya mai suna Isma'il al-Jazari, wanda ya yi aiki a fadar sarakunan Diyarbakir a ƙasar Turkiyya ta yau, ya kammala littafi da ya bayyana na'urori 50 a cikinsa. Akwai agogunan ruwa, da injunan ɗaga ruwa zuwa gona, da na'urar da ke zuba wa mutum ruwan wanke hannu. Ya zana kowacce, ya faɗi yadda za a haɗa ta, don wani ya iya maimaitawa.

A zamaninmu, a shekarar 2007, Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, ya shafe wata takwas yana haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota Honda Civic da kujerun wata tsohuwar Toyota. Jirgin ya ɗaga, ko da yake bai wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba. A 2022, wani matashi ɗan shekara 17 a Kano, Isah Auwal Barde, ya nuna mutum-mutumin da ya ƙera da kwali, bututu, wayoyi da ƙananan moto, wanda ke motsa hannu idan shi ya motsa nasa. A Malawi kuma, William Kamkwamba yana ɗan shekara 14, bayan yunwa da rashin kuɗin makaranta sun zaunar da shi a gida, ya haɗa injin iska da tsohon keke da fankar tarakta, ya kunna fitila a ɗakinsa.

Amma wanda na fi so ku riƙe shi ne marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Dutse ta jihar Jigawa, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane. Ya saka ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan ke bushewa yana tafiya da zafi, sai cikin tukunyar ya yi sanyi. Yalon da kan lalace a kwana uku ya kai kusan wata guda. Wannan aiki ya samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Babu waya a ciki, babu batir. Jirgin Kano ya fi jan 'yan kallo, amma tukunyar Dutse ta fi shiga gidajen talakawa, saboda mai ita ya fara ne daga tambayar me ke damun mutane. Ku ma daga nan za ku fara.

AKWATIN MA'ANA
Na'ura: duk abin da aka haɗa don ya sauƙaƙa aiki, ta hanyar sauya ƙarfi, ko gudu, ko alkiblar motsi.
Na'ura mai aiki da kanta: wadda ke lura da abin da ke faruwa, ta kunna ko ta kashe kanta ba tare da hannun mutum ba.
Mutum-mutumi: na'ura mai aiki da kanta wadda ke motsi ko ɗaukar abu bisa umarnin da aka tsara mata. Ba dole ne ta yi kama da mutum ba.

2. WUTA DA LISSAFINTA

Wutar lantarki ba ta aiki sai ta sami hanyar da za ta zagaya. Takan fita daga kan batir mai alamar tarawa (+), ta bi waya, ta ratsa fitila ko moto, ta dawo kan mai alamar ɗebewa (−). Idan hanyar ta yanke a ko'ina, komai ya tsaya. Makunni ba wani abu ba ne illa wurin da muke yanke hanyar da gangan, mu kuma haɗa ta idan mun so. Da yawa daga cikin na'urorin da ake cewa sun mutu, waya ce kawai ta tsinke ko ta yi tsatsa a wani wuri.

Ana auna wuta da ma'auni uku, ajiyar batir kuma da na huɗu.

AKWATIN MA'ANA
Bolt: ƙarfin da ke tura wuta cikin waya. Batirin tocila bolt 1.5 ne, na babur da na mota bolt 12, wutar NEPA kuwa wajen bolt 230.
Amf: yawan wutar da ke bi ta cikin waya a lokaci guda.
Wat: yawan wutar da na'ura ke ci tana aiki. Wat = bolt × amf.
Ah: haruffan da ke jikin batir, masu nuna yawan wutar da ya ajiye. Idan aka ninka su da bolt, a sami adadin wat na awa guda da ke cikinsa.

Idan aka jera batura biyu na tocila, kan wannan a gindin wancan, bolt ɗinsu na haɗuwa: 1.5 + 1.5 = 3. Haka suke a cikin tocila da rediyo.

Misali na 1. Wani magidanci a Karare ya sami fankar tsohuwar kwamfuta, an rubuta a jikinta bolt 12, amf 0.5. Yana da batirin babur mai bolt 12, Ah 7. Awa nawa fankar za ta yi masa a daren bazara?

Cin fanka: 12 × 0.5 = wat 6.
Ajiyar batir: 12 × 7 = 84.
A takarda: 84 ÷ 6 = awa 14.

Sai dai batir irin na babur da na mota ba ya son a tatse shi ƙarƙaf. Wanda ke yin haka, cikin 'yan watanni zai sayi sabo. Ƙa'ida ita ce a yi amfani da rabi kawai, wato 42. Saboda haka 42 ÷ 6 = awa 7. Daga bayan isha'i zuwa kusan asuba ke nan.

Yanzu da me zai mayar da wutar? A ƙasar Katsina muna iya ɗaukar awa 5 na rana mai ƙarfi a yini. Farantin sola mai wat 20 zai ba da 20 × 5 = 100 a takarda. Ƙura, da zafi, da asarar da ake yi a waya da batir sukan cinye kusan kashi 30 cikin 100, saura 70. Tun da 70 ta fi 42, farantin ya isa. A lokacin hunturu a riƙa goge shi kullum da safe, domin ƙurar da ta kwanta a kansa tana rage wuta sosai.

3. MOTO, FULI DA SARƘA

Moto shi ne abin da ke mayar da wuta ta zama juyi. Ƙananansa suna cikin tsohuwar rediyo mai kaset, da na'urar faifan bidiyo, da motocin wasan yara. Ku gwada wannan a aji: ku haɗa ƙaramin moto da batura biyu na tocila, ku lura da inda ya juya. Sannan ku sauya wayoyin biyu. Za ku ga ya juya baya. Da wannan dabara kaɗai ake sa motar wasa ta yi gaba ta yi baya, kuma da ita ake ɗaga gilashin mota a sauke shi.

Matsalar ƙaramin moto ita ce gudu ya yi masa yawa, ƙarfi ya yi masa kaɗan. Idan kuka liƙa taya kai tsaye a bakinsa, zai yi ta juyawa a sama, amma da kun ajiye motar a ƙasa sai ya tsaya cik. A nan ne yara da yawa ke karaya su watsar da aikin. Maganin shi ne a rage gudu don a sami ƙarfi, ta hanyar fuli da bel, ko farantin sarƙa irin na keke.

AKWATIN MA'ANA
Fuli: ƙarfe ko katako mai zagaye da kwari a gefensa, inda bel ke bi.
Ƙa'idar fuli: idan ƙaramin fuli na jan babba, gudu na raguwa, ƙarfi na ƙaruwa. Idan babba na jan ƙarami, gudu na ƙaruwa, ƙarfi na raguwa. Ba a samun duka biyun a lokaci guda.
Lissafi: gudun na biyu = gudun na farko × faɗin na farko ÷ faɗin na biyu.

Misali na 2. An san ƙasar Batsari da rogo. Wasu manoma sun haɗa kuɗi za su sa mai walda ya yi musu injin yanka rogo don shanya. Moton da suka samu yana juyi 1,400 a minti ɗaya, kuma fulinsa santimita 5 ne. Suna so wuƙar ta yi juyi 350 kawai. Wane fuli za su ɗaura wa wuƙar?

1,400 ÷ 350 = 4. Ana so gudu ya ragu sau huɗu, don haka fulin wuƙa ya ninka na moto sau huɗu: 5 × 4 = santimita 20. Ƙarfin juyin wuƙar kuma ya ƙaru kusan sau huɗu.

Misali na 3. Ɗaya daga cikin maƙeran da muka ambata yana da wilin keke mai faɗin santimita 60, yana jan fulin fanka mai santimita 6. Idan yaronsa ya juya wilin sau 60 a minti, fankar za ta yi 60 × 60 ÷ 6 = juyi 600. Shi gudu yake nema, domin hura iska ba ya bukatar ƙarfi mai yawa.

A keke, haƙora ake ƙirgawa maimakon faɗi. Farantin gaba mai haƙora 48 da na baya mai 16 suna sa tayar baya ta juya sau uku a duk zagayen feda ɗaya.

Akwai moto guda da ya kamata kowane mai ƙira ya sani, wato moton waifar mota. Yana aiki da bolt 12, an riga an rage masa gudu a cikinsa, yana tafiya a hankali da ƙarfi, kuma ana samun tsohonsa wajen bakanikai da masu kayan gwangwan. Ku tuna kuma da boris. Duk sandar da za ta yi ta juyawa, idan ba a zaunar da ita kan boris ba, za ta cinye mazauninta ta ɓata muku wuta.

4. YADDA NA'URA KE AIKI DA KANTA

Ku dubi mai ban-ruwa a fadama. Yakan taɓa ƙasa ya ji ko ta bushe, ya yanke shawara, sannan ya buɗe wa ruwa hanya. Duk na'ura mai aiki da kanta, daga ƙaramar fitilar titi har mutum-mutumin da ke walda a masana'antar motoci, waɗannan matakai uku take bi.

AKWATIN MA'ANA
Majiyi: ɓangaren da ke gane zafi, ko haske, ko tsayin ruwa, ko kusantowar abu.
Mai hukunci: ɓangaren da ke karɓar saƙon majiyi ya yanke ko a kunna ko a kashe.
Mai aiki: ɓangaren da ke aiwatarwa, kamar moto, fitila, famfo ko ƙararrawa.
Rile: makunnin da wuta 'yar kaɗan ke danna shi, don ya kunna abin da ke cin wuta mai yawa.

Fitilar sola da ke kan titi tana kama kanta da magariba saboda majiyinta ya gane haske ya ragu. Tankin ruwa mai makunnin da ke yawo a saman ruwa yana kashe famfo idan ya cika. Dutsen guga na lantarki yana ɗauke wuta idan ya yi zafi, ya dawo da ita idan ya huce.

Idan hukuncin ya yi yawa, misali a kunna famfo in ƙasa ta bushe amma ban da tsakar rana, sai a nemi ƙaramin allo da ake rubuta wa umarni da kwamfuta. Wanda ya fi shahara shi ne Arduino, wanda aka fara yi a garin Ivrea na ƙasar Italiya a 2005 don koyar da ɗalibai. Shi ne zuciyar da yawa daga cikin mutum-mutumin da matasa ke haɗawa a yau. Shawarata ita ce kada ku fara da shi. Wanda bai iya lissafin wat ba, bai kuma iya gano inda waya ta tsinke ba, zai ƙona allon ne a makon farko.

5. BABBAN AIKI: AKWATIN ƘYANƘYASAR ƘWAI

Na zaɓi wannan aiki ne domin matan karkara su ne masu kaji da zabi, kuma kowa ya san zabuwa tana zuba ƙwai da yawa da damina amma ba ta da haƙurin kwanci. Shi ya sa ake sa wa kaza ƙwan zabi. Sai dai kaza ɗaya ba ta rufe ƙwai masu yawa, sauran a dafa ko a sayar da araha. Akwatin da ya zauna daidai zai iya ɗaukar ƙwai hamsin ko fiye.

Abin da ƙwai ke bukata huɗu ne: ɗumi na digiri 37.5 wanda ba ya hawa ba ya sauka, da danshi, da iska, da juyi. Ƙwan kaza na ƙyanƙyashewa a kwana 21, na zabuwa a kwana 26 zuwa 28.

Kayan da za a tanada: tsohuwar kula babba ko akwatin katako da aka yi wa rufin soso a ciki, ƙwan fitilar mota guda biyu masu wat 21, irin na da masu zafi, ban da na zamani masu farin haske domin ba sa ɗumi, fankar kwamfuta, faranti na zuba ruwa, raga ta ɗora ƙwai, fis, da tamostat mai bolt 12, irin wanda ake kira W1209, wanda ake samu wajen masu sayar da kayan lantarki a manyan kasuwanni.

AKWATIN MA'ANA
Tamostat: na'urar da ta haɗa majiyin zafi da mai hukunci da rile. Takan kunna abin ɗumama idan sanyi ya shigo, ta kashe idan zafi ya kai inda aka saita.
Fis: siririyar waya da ke tsinkewa idan wuta ta wuce ƙima, don kada sauran wayoyi su kama da wuta.

Yadda za a haɗa. A ɗaura fitilun da fanka a sama, nesa da bangon soso, fankar tana kaɗa ɗumin ya zagaya. A ajiye farantin ruwa a ƙasa, raga a samansa. A huda ƙananan ramuka kaɗan a sama da ƙasa don iska. A rataye majiyin tamostat daidai saman ƙwai, ba kusa da fitila ba. Wannan kuskure ne da ke kashe ƙwai da yawa, domin majiyin zai riƙa jin zafin fitila alhali ƙwan na cikin sanyi. Fanka ta samu wuta kai tsaye don ta yi ta aiki dare da rana. Fitilun kuwa wayarsu ta bi ta rilen tamostat. Fis ya zauna kusa da kan batir mai alamar tarawa.

Kada a saka ƙwai ranar da aka gama haɗawa. A bar akwatin ya yi kwana biyu yana aiki babu komai, ana duba shi da wani ma'aunin zafi na daban, irin na asibiti, ana rubutawa safe, rana da tsakar dare.

Misali na 4. Wata uwargida tana so ta san ko batirin babur ɗin ɗanta zai riƙe akwatin.

Fitilu: 21 × 2 = wat 42. Tamostat na kashe su yana kunnawa, don haka mu ɗauka rabin yini suke ci: 42 × 12 = 504.
Fanka mai amf 0.2: 12 × 0.2 = wat 2.4. A awa 24: kusan 58.
Jimla: 562. Mu ce 600, saboda tamostat ma yana ci.

Batirin babur 42 kawai yake iya bayarwa, kamar yadda muka gani a misali na 1. Ko awa biyu ba zai kai ba. Ana bukatar batir mai Ah 100: 12 × 100 = 1,200, rabinsa 600. Farantin sola kuma: kowane wat ɗaya na ba da 5 × 0.7 = 3.5 a yini, sai 600 ÷ 3.5 = kusan wat 171. A sayi mai wat 200, tun da lokacin ƙwan zabi lokacin hadari ne, kuma a watan Agusta akan wuni ba a ga rana sosai ba. A sa na'urar daidaita caji tsakanin faranti da batir.

Wannan lissafi na iya sanyaya wa mutum gwiwa, domin batir da faranti sun fi akwatin tsada nesa ba kusa ba. Amma gara a sani tun kafin a zuba ƙwai hamsin su ruɓe a kwana na goma. Hanyoyin rage kuɗin biyu ne: a kyautata rufin akwatin don fitilu su rage ci, ko kuma mata biyar ko shida su yi adashi su mallaki akwati ɗaya.

Juyi. A yi wa kowane ƙwai alama da fensir a gefe biyu, a riƙa juya shi sau uku ko biyar a yini. Adadin ya zama mara, don kada ƙwan ya riƙa kwana a gefe ɗaya kullum. Lokutan salla sun dace da wannan, ba a kuma mantawa da su. Kwana uku kafin ƙyanƙyasa a daina juyi, a ƙara ruwa a faranti, a daina buɗe akwatin. Wanda hannunsa ya faɗa zai iya ɗaura moton waifa da na'urar ƙidayar lokaci, su riƙa karkata ragar da kansu. A nan akwatin ya zama cikakkiyar na'ura mai aiki da kanta.

Abu guda da tamostat ba ya iyawa shi ne sanyayawa. A watan Afrilu da Mayu zafin ƙasarmu kan haura digiri 40 da rana. Ko fitilu na kashe, ƙwan na iya dahuwa. A irin wannan lokaci a ajiye akwatin a ɗakin ƙasa mai sanyi, ba ƙarƙashin kwano ba.

6. KARE RAI

Wannan sashe ba na tsallakewa ba ne.

Mai koyo ya tsaya a bolt 12. Wutar NEPA da ta janareta da wadda ke fitowa daga inbata suna kisa nan take. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana riƙe wuta a cikinta ko bayan an cire ta daga soket, kada a buɗe ta.

Batirin mota ba ya jan mutum, amma idan sifana ta haɗa kawunansa biyu, za ta yi ja wur ta ƙona hannu. Ruwan cikinsa yana cin fata da tufafi, yana makantarwa. A yi cajinsa inda iska ke shiga, nesa da wuta. Batirin waya da na kwamfuta kuwa, idan ya kumbura, ko aka huda shi, ko aka yi masa caji da abin da ba nasa ba, yana kamawa da wuta mai wuyar kashewa.

Sai dalma. Tana cikin batirin mota, tana kuma cikin wayar da ake liƙi da ita. A 2010, gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, maƙwabciyarmu. Kada a fasa batir a gida, kada a narka dalma a tsakar gida ko a tukunyar girki. A wanke hannu da sabulu bayan liƙi, kafin a ci abinci ko a ɗauki yaro.

Fuli da bel suna kama hannun riga, mayafi da yatsa. A yi musu murfi.

Akwai kuma abin da ya shafi halin da yankinmu ke ciki. Mutanen Batsari da Safana sun sha wahalar rashin tsaro, kuma idon jama'a a buɗe yake. Matashin da aka gani da wayoyi da batura a ɓoye ana iya yi masa mummunar fahimta. Ku yi aikinku a fili, mai unguwa da maƙwabta su san abin da kuke haɗawa. Kada ku ɗauki wani ƙarfe rufaffe da ba ku san shi ba a daji ko a gona. Ku sanar da hukuma. Kada ku sayi wayar wuta ko farantin sola da ba ku san asalinsa ba, domin wataƙila daga rijiyar burtsatse ko asibitin wani ƙauye aka kwance shi.

7. KAYAN AIKI DA WURIN ƘARO ILIMI

Filaya, sukundireba, ƙaramar wuƙa, salatif, abin liƙi da mitar auna wuta sun isa farawa. A cikinsu mita ce ta fi daraja, domin da ita ake daina cinke. A ƙara da littafin rubutu. Duk abin da kuka gwada ku zana shi, ku rubuta awonsa da abin da ya faru, ko ya yi ko bai yi ba, kamar yadda al-Jazari ya yi.

Malamanku na farko suna kusa: mai gyaran rediyo, mai wayarin mota, mai walda, maƙeri. Wanda ya je Kano ya leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa, wanda ya je Kaduna ya shiga Panteka, ya ga yadda ake ƙera injunan niƙa da na sussuka daga tsofaffin ƙarafa. Matashin da ya nuna hazaƙa kuma a taimaka masa ya nemi gurbi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina, ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda ke maƙwabtaka da Safana.

TAMBAYOYIN BITA

1. Mene ne bambanci tsakanin na'ura da na'ura mai aiki da kanta? Kawo misali ɗaya na kowacce daga garinku.
2. Ta yaya tukunyar Mohammed Bah Abba ke sanyaya kayan miya ba tare da wuta ba?
3. Fitila mai bolt 12 tana jan amf 0.25. Wat nawa take ci? Awa nawa za ta yi da batir mai Ah 7 idan an yi amfani da rabinsa kawai?
4. Farantin sola mai wat 50, nawa zai bayar a yini bayan an cire asarar kashi 30 cikin 100?
5. Moto na juyi 1,200 a minti da fuli mai santimita 4. Ana so injin ɓarar gyaɗa ya yi juyi 200. Wane fuli za a ɗaura masa?
6. A cikin akwatin ƙyanƙyasa, nuna majiyi, da mai hukunci, da mai aiki.
7. Me zai faru idan aka rataye majiyin tamostat kusa da fitila?
8. Don me ake juya ƙwai sau uku ko biyar, ba sau biyu ko huɗu ba?
9. Faɗi dalilai biyu da suka sa bai kamata a fasa tsohon batir a gida ba.
10. Aikin rukuni: ku kasu uku-uku, ku zaɓi aiki ɗaya da ke wahalar da mutanen gidanku, ku zana na'urar da za ta sauƙaƙa shi, ku lissafa kayanta da wutar da za ta ci, ku kawo a darasi mai zuwa.